Yarinyar Da Ta Ce Ta Ƙoshi

A shekarar 1995 talabijin ta isa lardin Nadroga na ƙasar Fiji, can tsakiyar tekun Fasifik. Tasha ɗaya ce tak, kuma yawancin abin da take haskawa finafinan Amurka ne da Ingila da Ostareliya, irin su Beverly Hills 90210 da Melrose Place, inda sirarran 'yan mata ke fantamawa. Mutanen Fiji kuwa tun kaka da kakanni masu son jiki ne. Kyakkyawar mace a wurinsu ita ce wadda ta cika ta yi ɓul-ɓul, baƙo kuma bai girmama masu gida ba sai ya ci ya ƙara. Wanda aka ga ya rame jaje ake yi masa, a haɗa shi da maganin buɗe ciki.

Makonni kaɗan da zuwan talabijin ɗin, wata likitar ƙwaƙwalwa daga Jami'ar Harvard, Anne Becker, wadda ta daɗe tana nazarin al'adun wurin, ta yi wa 'yan matan sakandare 63 tambayoyi a kan cin abinci. Ko ɗaya ba ta ce tana ƙaƙaro amai don gudun ƙiba ba. A 1998 aka koma makarantun, aka tambayi wasu 65. Wannan karon 11 cikin 100 sun ce suna sa kansu amai don kada jiki ya ƙaru, 69 cikin 100 sun taɓa ƙuntata wa kansu abinci, 74 cikin 100 kuma sun ce suna jin sun cika girma ko ƙiba. Shekara 3 kacal.

Binciken ƙarami ne, kuma ba talabijin kaɗai ta shigo musu a lokacin ba. Rayuwa na komawa ta kuɗi da neman aikin albashi, har wasu daga cikin yaran suka ce wa Becker suna ganin sirantaka hanya ce ta samun aiki da ci gaba. Duk da haka ya rushe wata magana da mu ma muke yawan faɗa: wai ciwon ƙin abinci na 'ya'yan Turawa ne da suka ƙoshi suka rasa abin yi, mu nan ai ƙiba muke so. Mutanen Fiji ma ƙibar suke so. Son ƙibar bai kare 'ya'yansu ba, don tun asali matsalar ba a tukunya take ba. Tana cikin abin da yarinya ke ji a ranta a shekarun da jikinta ya fara sauyawa, kowa kuma ya zuba masa ido.

Shekarun ƙirgen dangi

Tsakanin shekara 9 zuwa 14 jikin 'ya mace yana yin aikin da bai taɓa yi ba. Tsawo ya zo a guje, ƙirgen dangi ya fara, ƙugu ya buɗe, kitse ya taru a cinyoyi da mazaunai, ƙuraje su feso a fuska, sannan jinin al'ada ya biyo baya, galibi wajen shekara 12 ko 13. Ƙarin kitsen nan lafiya ne, jiki na bukatarsa kafin al'ada ta daidaita. Namiji a wannan mataki tsoka yake tarawa, ana yaba masa ya zama ƙato. Ita kuwa abin da take tarawa shi ne ainihin abin da hotunan zamani ke ce mata ta rabu da shi, ko kuma ta tara shi a wani wuri ban da wani.

Ƙwaƙwalwa ma ba a lokaci ɗaya take nuna ba. Sashen da ke kula da tsoro da jin kunya da son a yaba wa mutum yana riga girma, sashen gaba mai auna abu da taka birki kuwa ba ya kammala sai an haura shekara 20. Shi ya sa maganar da babbar mace za ta ji ta yi tsaki ta wuce, 'yar shekara 12 sai ta kwana da ita, ta tashi da ita, ta kai ta gaban madubi.

Maganar kuwa ba a rasa mai yin ta. Je ka gidan suna ko biki ka tsaya inda mata ke zaune. Yarinya ta shigo da farantin abinci, ta durƙusa ta gaida manya. Kafin ta miƙe wata goggo ta kama damtsenta ta jijjiga: "Ke 'yar nan, wannan ƙibar ta mece ce? Ki rage ci, kada ki fi uwarki." Aka kwashe da dariya. 'Yar ƙanwar uwarta ta biyo baya da buta, wata ta ce, "Ke kuma ba a ba ki abinci a gidanku? Wa zai kwashi ƙashi da rai?" Aka sake dariya. Babu wadda ta yi da mugun nufi, wasan jika da kaka ne, raha ce ta dangi. Yaran biyu suka yi murmushi suka sunkuyar da kai, don haka aka koya musu. A makaranta kuma sunayen sun riga sun kama su, wannan Lukuta, waccan Tsinke. Abin lura, a zama ɗaya an ce wa ɗaya ta yi yawa, an ce wa ɗaya ba ta kai ba. Inda ake so su tsaya, babu wanda ya faɗa.

Hausawa na cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma wannan tarbiyya ta fi sauka a kan 'ya mace. Mai hankali ita ce mai haɗiye ɓacin rai, mai kawaici, wadda ba a jin bakinta. Akwai alheri a cikin haka, ban musa ba. Sai dai yarinyar da iyayenta ke rigima kullum, ko aka rabo ta da uwarta aka kai ta riƙo, ko ta faɗi jarrabawa, ko wani babba ya taɓa ta inda bai dace ba ta rasa wanda za ta gaya wa, damuwarta ba ta ɓacewa don an ce ta yi shiru. Ba ita ke zaɓen makarantarta ba, ba ita ke zaɓen inda za ta zauna ba, wani lokaci har mijin ma. Abu ɗaya da ya rage a hannunta shi ne lomar da za ta kai baki. Da yawa daga masu wannan ciwo suna bayyana cewa ranar da suka iya hana kansu abinci sukan ji wata natsuwa, su ji yau dai sun iya wani abu. Daga nan tarkon yake farawa.

Abin da likitoci suka sani

Ciwon ya girmi talabijin da waya. Tun 1689 wani likita a Ingila, Richard Morton, ya rubuta labarin wata budurwa da ta ƙare a tsaye ba tare da an ga tari ko zazzaɓi ba. A 1873 William Gull a Landan da Charles Lasègue a Faris kowa ya bayyana shi daki-daki, Gull kuma ya raɗa masa sunan da ake kiransa har yau, anoreksiya. Mai ita tana takure abinci har nauyinta ya faɗi ƙasa da ƙima, ga tsananin tsoron ƙaruwa, kuma idonta ba ya ganin ramar da kowa ke gani. Jiki sai ya shiga tsimi: al'ada ta ɗauke ko ta ƙi farawa, bugun zuciya ya yi ƙasa, gashin kai ya dinga zuba, wani gashi mai laushi ya tsiro a baya da hannuwa, ta dinga jin sanyi ana tsakiyar bazara. Ƙashi ma yana cin kashinsa, don shekarun nan ne ake tara ƙarfin ƙashin da za a yi amfani da shi har tsufa.

Ta biyun, bulimiya, likita Gerald Russell ne ya fayyace ta a 1979, kuma ta fi wuyar ganewa saboda mai ita sau da yawa jikinta daidai yake. Takan ci abinci mai yawa a ɓoye cikin ɗan lokaci, tana jin ba za ta iya tsayawa ba, sai nadama ta rufe ta, ta shiga bayi ta zura yatsa a maƙogwaro, ko ta sha maganin gudawa, ko ta yini ba ci. Ruwan ciki mai tsami yana cinye haƙora, gefen kumatu ya kumbura, wani lokaci a ga tabo a bayan yatsu inda haƙori ke gurza. Mafi haɗari shi ne zubewar sinadarin fotasiyam daga jini, wanda kan rikita bugun zuciya farat ɗaya. Gimbiya Diana ta Ingila ta faɗa da bakinta a hirar BBC ta 1995 cewa ta yi shekaru tana fama da ita. Akwai kuma na uku, cin fitar hankali ba tare da amai ba, wanda ya fi sauran yawa, amma sai a 2013 littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya ba shi matsayin ciwo mai zaman kansa. Mu nan haɗama za mu kira shi, mu bi yarinyar da gori.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ke fama da waɗannan cututtuka, kusan miliyan 3 daga ciki yara ne da matasa. Maza ma na kamuwa, sai dai mata sun fi yawa nesa ba kusa ba. Anoreksiya tana sahun gaba wajen kisa a cikin cututtukan ƙwaƙwalwa, kuma wani babban nazari na 2011 ya nuna cewa a duk mutum 5 da suka mutu da ita, ɗaya shi ya kashe kansa. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado na da kaso mai tsoka, kusan rabi. Wannan ne ya sa 'yan aji guda za su ji gori iri ɗaya, su kalli hotuna iri ɗaya, amma ɗaya ko biyu ne za su faɗa. Yawanci kuma ba sangartattu ba ne. Su ne yaran nan masu son komai ya fita tsaf, masu yawan fargaba, masu zuwa na ɗaya, waɗanda ba sa son a ce sun yi laifi.

Akwai wani gwaji da ya kamata duk uwar da ke cewa "taurin kai ne kawai" ta ji labarinsa. A ƙarshen 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, masani Ancel Keys na Jami'ar Minnesota ya tara samari 36 lafiyayyu da suka ba da kansu, don a gano yadda za a farfaɗo da mutanen da yunwar yaƙi ta galabaitar. Aka rage musu abinci kusan rabi har mako 24, suka zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abin da ya faru da hankalinsu ya fi ramar ban mamaki. Ƙarti suka koma ba su da hira sai ta abinci, suna tara littattafan girki, suna jan 'yar lomarsu awa da awanni, suna lashe kwano. Suka zama masu saurin fushi, masu gudun mutane, baƙin ciki ya lulluɓe su. Da aka sake musu abinci, wasu suka dinga ci har su yi rashin lafiya. Ba wanda ya shiga gwajin da ciwon ƙwaƙwalwa a cikinsu, yunwa ce ta mayar da su haka. To ina ga 'yar shekara 13? Ta fara rage ci don damuwa, yunwa ta ƙara mata damuwa da kafiya, kafiyar ta ƙara hana ta ci. A wannan mataki nasiha ba ta shiga, don ƙwaƙwalwar da za ta karɓi nasihar ita kanta a yunwace take.

Inda ciwon ke ɓuya

Likitocin Nijeriya sun buga rahoton masu anoreksiya a mujallun likitanci tun shekarun 1980, amma har yau ana ɗaukarta baƙuwa. Dalili ɗaya shi ne ba ta zuwa da kamannin da aka karanta a littafi. A Hong Kong, likita Sing Lee ya lura cewa da yawa daga marasa lafiyarsa ba sa ambaton tsoron ƙiba sam, kukansu shi ne ciki na kumbura, abinci ba ya wucewa. A 2004 kuma aka buga wani bincike da aka yi a karkarar Ghana: cikin ɗalibai mata 668 da aka auna, an sami 10 da suka rame ƙwarai ba tare da wani ciwo ba sai hana kai abinci. Dukkansu suna kallon abin a matsayin alheri, suna fassara shi da addini da danne zuciya, babu mai zancen siffar jiki. Wato ciwon yana aron harshen garin da ya sauka.

A gidajenmu wuraren ɓuya sun yi masa yawa. Ana cin abinci a tire ɗaya, hannu biyar ko shida, wa zai ƙirga lomar wa? Dubi yadda take yi: ta gutsuri tuwo kaɗan, ta daɗe tana mulmula shi, ta tsoma a miya ta ajiye a gefe, ta tura naman gaban ƙaninta, ta tashi ɗebo ruwan da ba a aike ta ba, ta dawo an kusa sauke tire ta ce alhamdu lillahi ta ƙoshi. Da rana ta ce ta ci a makaranta, da dare ta ce ta ci a gidan Goggo. Ita ce mai son shiga kicin, ita ke zuba wa kowa, ana sa mata albarka. Al'ada ta riga ta ce budurwa ba ta cin abinci a gaban mutane, don haka ƙin cinta kunya ce, abin yabo. Doguwar riga da hijabi sun rufe hannuwan, uwa kan yi watanni ba ta ga damtsen 'yarta ba. Sai kuma azumin nafila: Litinin da Alhamis, sannan a ƙara wasu kwanaki, ba sahur, buɗa-baki da ruwa da dabino ɗaya. Wane uba ne zai hana 'yarsa ibada? Alhali addinin da kansa ya hana haɗa azumi ba buɗa-baki, ya kwaɗaitar da sahur, ya kuma ɗauke wa mara lafiya. Azumin ibada yana ƙarewa da murnar shan ruwa. Wanda ciwo ke tuƙawa, lokacin shan ruwan ne abin fargaba.

Idan rama ta fito fili, suna na farko da ake ba ta shi ne olsa. Daga nan taifot, shawara, sai a gangara kan sammu da iska da kambun baka. A sha maganin olsa kwalba-kwalba, a yi hayaƙi, wata shida ta wuce. Gaskiya ne, kuma dole a faɗa, mafi yawan 'yan matan da suka rame a ƙasar Hausa ba ƙin abinci suke ba, abincin ne babu, ko tsutsar ciki, ko ƙarancin jini, ko tarin fuka, ko sikila, ko ciwon suga. Dole likita ya fara kawar da waɗannan. Amma akwai bambancin da uwa za ta iya gani da idonta: yarinyar da yunwa ko cuta ta ramar tana son ta warware, tana murna idan aka ce ta ciko. Wannan kuwa idan ka ce mata ta yi kyau ta murmure, sai ka ga fuskarta ta canza, gobe ta ƙara rage ci.

Ɗaya fuskar: sha-ka-fashe

Matsin ba ta gefe ɗaya yake zuwa ba. A yankinmu neman ƙiba ya daɗe. Masaniya Rebecca Popenoe ta zauna da Larabawan Azawak a Nijar, ta rubuta yadda ake fara ɗura wa yarinya madara da kunun gero tun tana famfara don ta cika kafin aure. A Muritaniya al'adar ta fi tsanani, a Kalaba kuma 'yan ƙabilar Efik suna da ɗakin da ake killace budurwa a ciyar da ita. Mu ma muna da namu daidai gwargwado: amarya ta sha gyara ta cika ido, in ta yi wata uku a ɗaki ba ta ƙara jiki ba a fara tambayar ko lafiya.

Abin da ya sauya shi ne yanzu ƙibar a kemis ake sayenta. Yarinya ta tsaya a gaban kanta da kuɗin tara da ta tara, ta rage murya ta ce a ba ta na ƙiba. Mai shago bai tambayi shekarunta ba, bai nemi takardar likita ba, ya ƙirgo 'yan ƙwayoyi ya ƙulle a leda. Abin da ake kira sha-ka-fashe galibi ɗayan biyu ne ko haɗinsu. Akwai deksametason, magani mai ƙarfi da aka yi don kumburi da asma da makamantansu. Ba lafiyayyar ƙiba yake sawa ba: ruwa yake tarawa, ya kumbura fuska ta yi zagaye, ya tara kitse a ciki da doron wuya, ƙafafu kuma su tsotse. Yana jawo hawan jini da ciwon suga, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki, fata ta tsage. Wanda ya daɗe a kansa kuma in ya yanke rana ɗaya yana iya faɗuwa rai a hannun Allah, don jikin ya daina sarrafa nasa sinadarin, sai likita ya janye shi a hankali. Na biyun shi ne maganin ƙaiƙayi da mura mai buɗe ciki da ke cikin Periactin da ruwan Apetamin, mai sa barci da kasala, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2023. Littattafan likitoci ba su sa shan maganin ƙiba a jerin cututtukan cin abinci ba. A ganina dai uwa ɗaya ta haife su da anoreksiya: yarinya ce ta yarda cewa jikin da take ciki bai isa a so ta ba. Haka ma man bilicin, wanda hukumar NAFDAC ta ayyana a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023.

Waya kuma ta zo ta haɗa bukatun biyu wuri guda. Siffar da ake yayi yanzu ba siririya ba ce, ba mai ƙiba ba ce: ciki a shafe, ƙugu a tsuke, ƙirji da mazaunai a cike, fata fara sol. Mata ƙalilan ne aka halitta haka, sauran filta ce da tiyata da iya tsayuwa gaban kyamara. Sai ka sami yarinya ɗaya tana shan shayin rage tumbi da safe, wanda yawancinsa maganin gudawa ne, ta ɗaure ciki da bel, da dare ta sha na ƙiba. A watan Satumba na 2021 jaridar Wall Street Journal ta fallasa takardun cikin gida na kamfanin Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fitar. A ciki, binciken kamfanin da kansa ya nuna 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya sun ce idan suna jin haushin jikinsu, Instagram na ƙara musu. Kamfanin ya ce an yi wa binciken gurguwar fassara. Wasu ƙasashe dai ba su jira an gama gardama ba: tun 2017 Faransa ta wajabta a rubuta a jikin hoton talla idan an gyara siffar mai tallar da kwamfuta, Ostareliya kuma a 2024 ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafin sada zumunta. 'Yan matan Fiji tasha ɗaya suka kalla. Tamu tana ƙarƙashin bargo da TikTok, kuma manhajar na lura da abin da ta tsaya kallo ta ƙaro mata irinsa.

Magani, da wanda zai ba da shi

Ana warkewa, musamman idan an tari abin da wuri. Hanyar da ta fi samun shaidar nasara ga 'yan mata ƙanana an gina ta ne a asibitin Maudsley da ke Landan, inda wani gwaji na 1987 ya nuna cewa masu ƙananan shekaru da ciwon bai kai shekara 3 a jikinsu ba sun fi samun sauƙi idan aka sa iyali cikin jinya. Kafin nan iyaye ake zargi, a raba su da yarinyar. Wannan hanya ta juya lissafin: ba a neman mai laifi, ana raba yarinya da ciwon a magana, a ɗauke shi a matsayin abokin gabar gida duka. Iyaye su karɓi ragamar abinci na wani lokaci, su suke zaɓa, su suke zubawa a kwanonta ita kaɗai, wani ya zauna da ita har ta cinye, ba tsawa ba roƙo, ya kuma ci gaba da zama da ita kamar awa guda bayan nan don kada ta zame bayi. Abinci shi ne maganin farko, zancen abin da ke ranta yana tafiya tare, yana ƙara kama ƙasa yayin da ƙwaƙwalwa ke farfaɗowa. Babu ƙwayar da ke warkar da anoreksiya. A nan gidanmu na gandu yana da abin da Bature ke nema da kuɗi: kaka, inna, yaya, akwai hannun da za a yi karɓa-karɓa. Sharaɗin shi ne bakin kowa ya zo ɗaya, goggo mai raha kuma ta ajiye raharta.

Ɗura da bulala ba sa cikin lissafi. Ban da ƙara mata ɓoyo, cika wa wanda ya daɗe cikin yunwa ciki lokaci ɗaya yana da haɗari: sinadarin fosfet na jini kan faɗi, zuciya ta kasa. Wadda ta rame sosai a asibiti ake fara ciyar da ita ana auna jini. Idan tana suma, ko bugun zuciyarta ya gaza 50 a minti da rana, ko ta yi aman jini, ko ta daina shan ruwa, ko ta fara zancen gara ta mutu ta huta, ranar za a tafi, ba gobe ba. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, a haɗa su.

Ina za a je? Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Amma likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma iyaye da yawa na gudun a ga 'yarsu budurwa a ƙofar "asibitin mahaukata", kada zance ya kai gidan masu neman aure. Don haka wanda zai fara ganinta likitan kowa-da-kowa ne ko ma'aikaciyar jinya, da layi har bakin ƙofa. In aka ce masa ciwon ciki, maganin olsa zai rubuta. Sai uwa ta buɗe baki ta faɗi abin da ta gani: tun yaushe yarinyar ta daina ci tare da mutane, yaushe rabonta da al'ada, tana shiga bayi da zarar an sauke kwano, an tsinci ƙwayoyi ko shayin rage tumbi a jakarta. Ta nemi a auna nauyi da tsawo da bugun zuciya a rubuta, a sa ranar dawowa a sake aunawa. Sannan ta tashi ta fita, ta bar ta da likita mace ko ma'aikaciyar jinya na 'yan mintoci, don akwai abin da 'yar Bahaushe ba za ta taɓa faɗa uwarta na zaune ba.